Gadon Fairfax: Rigimar Eka 788 da Ta Je Kotun Ƙolin Amurka Sau Biyu

A watan Disamba na 1781, ƙasa da wata biyu bayan sojojin Birtaniya sun miƙa wuya a Yorktown a yaƙin neman 'yancin Amurka, wani dattijo ɗan shekara 88 ya rasu a gidansa da ake kira Greenway Court, cikin kwarin Shenandoah a Birjiniya. Sunansa Thomas Fairfax, na shida a jerin masu riƙe da sarautar gidan Fairfax. Bai taɓa aure ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari shi ne iko a kan ƙasa mai faɗin eka 5,282,000, wato ta ɗan ɗara jihar Kano ta yau. A wasiyyarsa ya bar filayensa ga ɗan 'yar'uwarsa, Denny Martin, wani malamin coci mazaunin Ingila, da sharaɗin ya ɗauki sunan Fairfax.

Wanda ya tashi a kan rabon gado na Musulunci, inda wasiyya ba ta wuce sulusi, zai yi mamakin wannan. Amma dokar Ingila ta yarda mutum ya bar filin da yake nasa na kansa ga wanda ya ga dama, kuma ba a nan aka samu matsala ba. Matsalar ita ce magajin talakan Sarkin Ingila ne, mutumin ƙasar da ake yaƙi da ita a daidai wannan lokaci. Daga ranar da dattijon ya rasu zuwa ranar da kotu ta faɗi maganarta ta ƙarshe, sai da aka shafe shekara 34 da 'yan watanni.

Asalin filin

Tun farkonsa wannan fili kyauta ce ta wanda ba shi da abin a hannu. A 1649 aka sare kan Sarki Charles na Ɗaya. Ɗansa, Charles na Biyu, yana gudun hijira, ba gadon sarauta ba baitulmali, sai ya saka wa mutum bakwai daga cikin waɗanda suka tsaya masa da takarda: duk ƙasar da ke tsakanin kogin Potomac da kogin Rappahannock tasu ce. Shi bai taɓa ganin wurin ba, kuma babu wani Bature a lokacin da ya san inda kogunan biyu suka faro. Mutanen da ke zaune a can tun kaka da kakanni kuwa, ba wanda ya tambaye su. Sai a 1744, a yarjejeniyar Lancaster, aka biya ƙabilun Iroquois kuɗi da kaya don su saki da'awarsu a kan kwarin Shenandoah, bayan baƙi sun riga sun kafa gidaje a ciki.

Da sarautar ta dawo hannun Charles a 1660, takardar ta zama abin daraja. A hankali Thomas Culpeper, wanda ya yi gwamnan Birjiniya, ya tattara mafi yawan kason a hannunsa, aka sabunta masa takarda a 1688. 'Yarsa Catherine ta auri Fairfax na biyar, ɗansu Thomas ya gaji filin a 1719. Mai wannan yanki, wanda ake kira Northern Neck, shi ne ke yanka wa mutane fili ya ba su takarda, su kuma su biya shi kuɗin ƙasa sule biyu a kan kowace eka 100 duk shekara. A sauran Birjiniya Sarki ake biya wannan kuɗi, a nan kuwa aljihun mutum ɗaya yake shiga.

Shekara da shekaru Fairfax na Ingila, wakilinsa Robert Carter ke kula da komai. Da Carter ya rasu a 1732 aka ga ya bar kusan eka 300,000 da ɗaruruwan bayi, kuma wani babban kaso na filin daga cikin ƙasar maigidansa ya yanka wa kansa da 'ya'yansa da jikokinsa. Wannan ya farkar da Fairfax. A 1735 ya tako da ƙafarsa zuwa Birjiniya, ya tarar da wata rigimar da ta fi ta Carter: gwamnatin mulkin mallaka tana ta raba filaye a bayan duwatsun Blue Ridge, inda shi yake ganin nasa ne.

Gardamar duk a kan mafarin kogi take. Takardar 1688 ta ce iyaka ta kai har mafarin kogunan biyu. To kogi yana da rassa, wanne ne uwa, wanne ne reshe? Gwamnatin Birjiniya ta zaɓi fassarar da za ta tsayar da Fairfax kusa da duwatsun, da ƙasar da ba ta kai rabin abin da yake nema ba. Shi kuma ya bi reshen da ya fi nisa a kowane ɓangare. A 1745 majalisar mashawartan Sarki a Landan ta ba shi gaskiya, da sharaɗin ya amince da takardun da gwamnati ta riga ta ba mutane a cikin yankin. A 1746 aka tura safiyoyi, cikinsu har da Peter Jefferson, mahaifin Thomas Jefferson wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, suka ja layi mai tsawon kusan mil 76 ta cikin daji da duwatsu, suka kafa dutsen iyaka a idon ruwan da Potomac ya faro. Shekara biyu bayan haka wani yaro ɗan shekara 16 ya bi tawagar masu auna filayen Fairfax zuwa wannan kwari don koyon aiki, George Washington ke nan.

Ƙarar Hite

Kafin a zo kan gadon, akwai wata ƙara da ta riga shi, kuma ita ta nuna irin tafiyar da shari'ar fili ke yi a wannan zamani. Jost Hite Bajamushe ne da ya taso daga Pennsylvania a farkon shekarun 1730 da iyalai 16, ya sauka a bakin rafin Opequon. Yana riƙe da izinin gwamnatin Birjiniya na eka 140,000 shi da abokan hulɗarsa, da sharaɗin ya zaunar da iyali ɗaya a kan kowace eka 1,000. Izini ne na ya zaɓa ya auna, ba takardar mallaka ta wani fili mai iyaka ba. Hite ba wawa ba ne: ya bi bakin rafuka yana tsinke fadamu da ƙasa mai kyau, yana barin tsandauri da tsaunuka.

Da hukuncin 1745 ya fito, Fairfax ya ɗauka mai wuri ya zo, mai tabarma sai ya naɗe. Ya yarda da filayen da takardunsu suka kammala, amma ya ƙi ba da takarda a kan waɗanda aka auna kawai, yana cewa awon bai bi ƙa'ida ba, wasu ma ya yanka wa wasu mutanen daban. Hite ya kai ƙara a 1749. Aka yi ta jan ƙafa, aka yanke, aka ɗaukaka, yaƙin neman 'yanci ya zo ya katse komai. Sai a 1786 kotun ɗaukaka ƙara ta Birjiniya ta ba magadan Hite gaskiya. Shekara 37 ke nan, shi Hite ya yi kimanin shekara 25 a kabari, Fairfax ma ya bi shi. Waɗanda suka fi jin jiki ba su biyun ba ne, manoman da suka sayi gona daga hannun ɗayansu ne, suka sare daji, suka gina gida, suka haifi 'ya'ya, ba su san ko takardar da ke cikin akwatinsu tana da amfani ba.

Lauyan da ya tsaya wa ɓangaren Fairfax a 1786 matashi ne ɗan shekara 30, John Marshall. An haife shi a cikin wannan yanki, mahaifinsa ya yi wa Fairfax aikin awo. Ya faɗi a ƙarar, amma ya fito da sanin takardun gidan Fairfax ciki da waje.

Gado kashi uku

Abin da dattijon ya bari ba iri ɗaya ba ne, kuma sai an rarrabe shi za a gane rigimar. Akwai kuɗin ƙasa da masu takarda ke biya duk shekara. Akwai gandayen da ya keɓe wa kansa ta hanyar awo da takarda, manyansu su ne Leeds, mai kimanin eka 160,000, da South Branch, inda 'yan haya ke noma. Sai kuma dajin da bai yanka wa kowa ba har ya rasu.

Shi kansa Fairfax ba a taɓa shi ba lokacin yaƙi. Ya tsufa, ya kame bakinsa, yana da zumunci da Washington, aka ɗauke shi ɗan ƙasa. Yana rasuwa sai majalisar dokokin Birjiniya ta motsa. A 1782 ta riƙe kuɗin ƙasar. A 1785 ta soke shi gaba ɗaya, ta kwashe littattafan filayen zuwa ofishin filaye na jiha, ta ce daga yanzu jiha ce za ta raba dajin da ya rage. Ga manomin yankin wannan abin murna ne: don me za a zubar da jini a kori Sarki, sannan a ci gaba da biyan wani malamin coci a Ingila? A wannan zamanin ne kuma Birjiniya ke rushe tsarin gadon manyan gidaje, ta soke dokar da ke ɗaure fili a zuri'a ɗaya a 1776, ta soke fifita ɗan fari a 1785.

Sai dai jihar ta tsallake mataki guda. A dokar Ingila da Birjiniya ta gada, wanda ba ɗan ƙasa ba yana iya karɓar fili ta hanyar saye ko wasiyya, ya riƙe shi, amma gwamnati tana da ikon karɓewa. Sharaɗin shi ne a yi zaman bincike na musamman, a rantsar da mutanen yankin, su tabbatar cewa mai filin baƙo ne, a rubuta. Kafin a yi wannan zama, filin yana nan a hannunsa. Birjiniya ba ta yi shi a kan dajin Fairfax ba, ta ɗauka dokokin majalisa sun wadatar. A gefe guda kuma yarjejeniyar zaman lafiya ta Paris ta 1783 ta hana sake ƙwace dukiyar mutane saboda ɓangaren da suka bi a yaƙin. Yarjejeniyar Jay ta 1794 ta ƙara da cewa 'yan Birtaniya da ke riƙe da fili a Amurka su ci gaba da riƙewa, su sayar ko su bar wa magada tamkar 'yan ƙasa.

A cikin wannan hali ne, ran 30 ga Afrilu 1789, jihar ta ba wani mai suna David Hunter takardar eka 788 daga cikin dajin, a gundumar Shenandoah. A 1791 ya shigar da ƙara a kotun Winchester don ya karɓi filin. Tsarin irin wannan ƙara a lokacin shi ne a ƙirƙiri ɗan haya na bogi a ce shi aka kora daga gonar, shi ya sa a takardun kotu ake cewa “ɗan hayar Hunter” ne mai ƙara. A 1794 kotun ta ba Denny Fairfax gaskiya, Hunter ya ɗaukaka.

Masu sayen rigima

Tun kafin wannan hukunci, wasu sun hango riba. A 1793 John Marshall, da ƙanensa James, da mijin 'yar'uwarsu Rawleigh Colston, da Henry Lee, suka ƙulla ciniki da Denny a kan gandayen a kan fam 20,000. Denny yana Ingila, abin da yake da shi takarda ce da ba ta kawo masa abin kirki, gara ya karɓi kuɗi. Su kuma sun yi caca ne cewa yarjejeniyoyin da aka ƙulla da Birtaniya za su yi aiki a kotu. Biyan kuɗin bai zo da sauƙi ba. Sun dogara da Robert Morris, attajirin da ya ɗauki nauyin yaƙin neman 'yanci kuma mahaifin matar James, sai ga shi Morris ya karye, a 1798 aka ɗaure shi saboda bashi. Ba su gama biyan kuɗin gandun Leeds ba sai a 1806.

A ƙarshen 1796 aka yi abin da, a ganina, shi ne ainihin warware rigimar filin. Mazauna yankin sun gaji da zaman rashin tabbas, sun kai koke ga majalisar jiha, aka tsayar da sulhu aka mai da shi doka. Masu sayen gadon sun saki duk wata da'awa a kan dajin da ba a yanka wa kowa ba lokacin rasuwar Fairfax, jiha kuma ta saki da'awarta a kan gandayen da ya keɓe wa kansa. Kowa ya tashi da abin da ya fi damunsa. Jiha ta tsira da filin da take rabawa, waɗanda ta ba takarda suka samu barci, su Marshall suka samu gandaye masu kawo haya.

A ƙa'ida, nan ya kamata maganar Hunter ta mutu, don filinsa cikin daji yake. Amma ƙarar tana kwance a kotun ɗaukaka ƙara, ba a janye ta ba. Denny ya rasu a 1800, ɗan'uwansa Philip Martin ya gaje shi, sunansa ya hau kan ƙarar, ko da yake masu ruwa da tsaki na gaske su Marshall ne. A 1801 John Marshall ya zama Babban Jojin Amurka. A 1810 kotun ɗaukaka ƙara ta Birjiniya, wadda ita ce babbar kotun jihar, ta rushe hukuncin Winchester ta ba Hunter filin. Cikin alƙalanta akwai Spencer Roane, mutumin da ya yi suna wajen kare ikon jihohi, kuma ba ya ga maciji da ra'ayin Marshall.

Zuwa na farko da na biyu

Aka kai maganar Kotun Ƙoli bisa sashe na 25 na dokar kotuna ta 1789, wanda ya ba ta ikon duba hukuncin babbar kotun jiha idan ta ƙi amincewa da haƙƙin da wani ya kafa a kan yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ko dokar tarayya. Marshall ya janye daga zaman saboda yana da hannu. Joseph Story, alƙali mafi ƙarancin shekaru a kotun, shi ya rubuta hukuncin 1813. Ya ce Denny ya karɓi filin ta wasiyya ko da yana talakan ƙasar da ake yaƙi da ita. Tunda ba a yi zaman binciken nan ba, filin bai taɓa komawa hannun jiha ba, don haka a 1789 Birjiniya ta ba Hunter abin da ba nata ba. Da yarjejeniyar 1794 ta zo kuwa, ta rufe ƙofar ƙwacewa baki ɗaya. Alƙali William Johnson ya saɓa, yana ganin majalisar jiha tana da ikon karɓar filin ta hanyar da ta zaɓa ba sai da wannan zama ba.

Sulhun 1796 fa? Story bai gina komai a kansa ba, domin bayanan da ɓangarorin biyu suka amince da su a gaban kotun farko sun riga sulhun. Shari'a saɓanin hankali. Mutanen Birjiniya sun ga kotun tarayya ta yi biris da yarjejeniyar da su Marshall suka shiga da kansu, ta ɗora magajin Bature a kan ɗan ƙasa, kuma a daidai lokacin da Amurka ke cikin wani sabon yaƙi da Birtaniya, wanda ya fara a 1812. Fushinsu yana da dalili.

Kotun Ƙoli ta aika umarni a zartar da hukuncinta. Kotun Birjiniya ta kira lauyoyi ta saurare su a 1814, a watan Disamba na 1815 alƙalanta suka ce baki ɗaya ba za su bi ba. Hujjarsu ta wuce batun eka 788. Suka ce gwamnatin jiha da ta tarayya hukumomi ne biyu, kowace da kotunanta, ba wadda ke ƙarƙashin wata. In majalisar tarayya tana son kare yarjejeniyoyinta, ta shirya yadda irin waɗannan ƙararraki za su tafi kotunan tarayya tun daga farko, amma ba ta da ikon mai da babbar kotun jiha ƙaramar kotu. Saboda haka, a cewarsu, sashe na 25 ya saɓa wa kundin tsarin mulki.

Aka koma Kotun Ƙoli. Marshall ya sake janyewa, sai dai masu binciken takardunsa sun gano cewa takardar neman a sake duba ƙarar da hannunsa aka rubuta ta. Wannan abu ne da ba zai wuce ba a yau. Ran 20 ga Maris 1816 Story ya karanta hukunci na biyu. Ya ce al'ummar Amurka ce ta kafa kundin tsarin mulki, ba gwamnatocin jihohi ba. Kundin ya ba kotunan tarayya iko ne bisa irin ƙarar, ba bisa kotun da ta fito ba. Alƙalan jiha, komai gaskiyarsu, son gida na iya rinjayarsu. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce ta daidaito: jihohi 18 ne a lokacin, in kowace za ta fassara yarjejeniya ɗaya yadda ta ga dama ba mai gyarawa, to baƙo mai fili zai zama mai haƙƙi a wannan jiha, a maƙwabciyarta kuma ba shi da komai. A nan ina ganin Story ya fi su gaskiya, ko da hukuncinsa na 1813 ya bar tambaya. Ƙasar da ba za ta iya tilasta wa sassanta cika alkawarin da ta ɗauka ba, ba wanda zai sake ƙulla alkawari da ita, kuma Birtaniya ta riga ta nuna haka lokacin da ta ƙi janye sojojinta daga sansanonin arewa maso yamma bayan 1783, tana fakewa da cewa jihohi sun ƙi barin a biya 'yan kasuwarta bashinsu.

Kotun ta yi dabara guda: ba ta sake aika wa su Roane umarni ba, don kada a sake watsa mata ƙasa a ido. Ta rushe hukuncinsu ta tabbatar da na kotun Winchester kai tsaye. Dubban gonakin da jiha ta raba daga dajin Fairfax suka ci gaba da zama a hannun masu su bisa sulhun 1796, gandun Leeds ya zauna a gidan Marshall, 'ya'yan Babban Jojin suka kafa gonakinsu a cikinsa a gundumar Fauquier. Roane bai sauka daga ra'ayinsa ba, ya koma jaridar Richmond Enquirer yana caccakar Kotun Ƙoli da sunayen aro. A 1821 Birjiniya ta sake tayar da gardamar sashe na 25 a ƙarar wasu 'yan'uwa biyu, su Cohen, da aka ci tara saboda sayar da tikitin caca a Norfolk. Wannan karon Marshall ba shi da ko taku ɗaya na fili a cikin maganar, don haka ya zauna a kujerarsa ya rubuta hukuncin da kansa, ya tabbatar da abin da Story ya faɗa a 1816.